Rundunar Guguwa a Rumfar Hajja Bakhita

Duk la'asar, in na sauko daga mikrobas a unguwar Arba wa Nus ta Alƙahira, sai na tarar da Lawal a rumfar shayin Hajja Bakhita yana cin yaƙi da baki. Bahaushen Sudan ne, daga wani ƙauye a jihar Nil Azrak, kuma a faɗarsa shi ne kwamandan Rundunar Guguwa, 'yan tawayen garinsu da suka tashi a 2011.

Na haddace tarihin rundunar nan fiye da karatun da ya kawo ni Alƙahira. Manoma ne aka ƙone musu dawa, suka taru a gindin tsamiya da bindiga ɗaya da tarakta. Kafin damina ta fita sun rabu gida biyu a kan wa zai zauna kusa da direba. Amma a bakin Lawal, ranar Litinin sun kori motar sojoji, ranar Laraba motar ta zama tanka, kafin Juma'a tankar ta yi fiffike.

Mu muna dariya, Hajja Bakhita ba ta yi. Ɗanta Harun ya bi rundunar, tun daga nan ba ta sake jin ɗuriyarsa ba. Shi ya sa take cika wa Lawal kofi, tana jira labarin ya iso kan ɗanta.

"Ɗana, Harun fa?"

"Ma'alish, Hajja, yi haƙuri, ba mu zo nan ba tukuna. Ba a yi wa tarihi tsallake."

Hunturu ya wuce, zafi ya shigo, tarihi bai zo nan ba. Haushinsa nake ji ƙwarai, ƙato da shi yana shan shayin tsohuwa da ran ɗanta.

Wata rana da baki ya kwashe shi, ya ce su runduna ce mai doka: wanda ya faɗi, abokinsa zai kwance layarsa ya ɗaura a damtse, ba zai cire ba sai ya danƙa wa uwar a hannu. Hajja ta ce ita ta ɗinka wa Harun tasa, da jan zare, don baƙin ya ƙare mata a ranar. Nan take kwamanda ya koma zancen tanka.

A zafin Agusta, da kowa ke neman tuɓe riga, shi jallabiyarsa a rufe take ruf har wuyan hannu. Mukan ce tabon harsashin da bai taɓa samunsa ba yake ɓoyewa.

Ranar da labarinsa ya kai ga harbo jirgi, ya ɗaga hannu yana nuna mana yadda aka yi, sai ya bangaje butar shayi, tafasasshen ruwa ya wanke masa hannu. Jarumin Guguwa ya kurma ihu kamar an taka wutsiyar mage. Hajja ta yi wuf ta cafke shi, ta ja hannun rigar sama don ta zuba masa ruwan sanyi.

Layu biyu ne a damtsensa. Ta ƙasan ɗinkin jan zare ce.

Kunya ta rufe ni. Lawal ya sunkuyar da kai.

"Hajja, don ita na zo Masar. Kullum da niyya nake fitowa."

Sai da ta gama zuba masa ruwan, ta goge hannu a gefen mayafinta. Sannan ta shimfiɗa masa tafinta.

"Khalas, shi ke nan, kwamanda. Mun zo nan."