Takardar Naɗe Kifi

Na ɗora mujallar a kan teburin Kunjumon mai shayi, na danne ta da tafin hannu yadda nake danne babban kifi idan ana ciniki.

"Ku duba. Ga sunan 'yata Sherli, ga hotonta. A duk gaɓar tekun Alappuzha, wane mai tallan kifi ne ya haifi wadda ake buga labarinta a mujallar mako?"

"Patros, shafin tallan sabulu ka buɗe," in ji Kunjumon.

Aka yi dariya, har da ni. Ni ba a kunyata ni da karatu. Ban taɓa zama a aji ba, amma teku ta haɗiye ni sau biyu ta tofar, ambaliya ta cinye gidana na sake ginawa, na yi shekara talatin ina tura keke da kwandon kifi har na kai yarinyar nan jami'a. Masu karatun da yawa ni na raka su makabarta.

Ba alfahari kaɗai ya kawo ni ba. Matata Eliyamma ta yi aji bakwai, amma ciwon suga ya tafi da idonta shekara uku ke nan. Da mujallar ta iso ta rungume ta, ta ce, "Baban Sherli, wannan kam ina son in ji shi daga farko har ƙarshe." Sherli tana aiki can birnin Kozhikode, ta ce ba za ta iya karanta shi ta waya ba. Na ce a bar min. Abin da kunnena ya ji sau biyu ya zauna ke nan.

Malam Damodaran, tsohon malamin firamare, ya karɓi mujallar, ya gyara tabarau ya fara karanta mana.

Labarin wata mata ce mai son karatu. Mijinta mai kifi ne, yana sayo tsofaffin mujallu buhu-buhu, yana yayyagawa don naɗe wa masu saye. Ita kuwa tana karanta abin da ta samu kafin hannunsa ya kai. Shekara talatin ba ta taɓa sanin ƙarshen labari ko ɗaya ba. Wata rana ta ɓoye guda a ƙarƙashin tukunyar shinkafa. Ya gano, ya tsaya a gabanta yana yagawa shafi-shafi, yana cewa macen da ke karanta abin da mata suka rubuta, gobe sai ta fara mayar da magana.

Malam ya kai ƙarshe ya rufe. Kunjumon ya yi ta goge kofin da ya riga ya goge.

"Yaran yanzu ke nan," wani direba ya ce daga benci. "Ka biya mata makaranta, ta tuɓe maka zane a kasuwa."

"Ka ji yadda ta zana mutumin? Har ƙarar ƙahon kekena ta sa. Ka haifi mai iya haka mu gani," na ce masa. Na juya. "Malam, maimaita min."

Muryata ba ta yi rawa ba. Shayin ne dai na bari ya huce.

* * *

Na tarar da Eliyamma a baranda tana ɓare rogo da lalube. Na zauna a dakali na soma ba ta labarin, tiryan-tiryan, ko kalma ban yar ba. Da na iso wajen tukunyar sai na tsallake, kamar yadda ake kauce wa rami da keke.

Wuƙar ta tsaya.

"Ka bar wani wuri."

"Ke da ba ki gani, ina kika sani?"

"Sherli tana bayan ƙofa ranar, shekararta tara. Ba za ta rubuta duk wannan ta bar tukunya ba." Ta ci gaba da ɓarewa. "Kada ka sake yage min shafi, tsoho."

Na taɓa kwana biyu a kan kifaffen kwalekwale. Wannan ɗan lokacin ya fi su tsawo. Na koma na faɗa, har da maganar da mutumin ya yi, da bakina, karo na biyu a rayuwata. Sannan na kai ta ƙarshe: matar ta daina jiran shafin da ya ɓata, ta riƙa ƙirƙiro wa labaran ƙarshe da kanta, tana ba 'yarta yayin da suke tsince shinkafa.

Eliyamma ta yi dariya har ta share ido da haɓar zane.

"Ja'ira. Ta manta wanda na kashe mijin da ƙayar kifi."

"Ni kika kashe?"

"Sau uku. Ba ka mutuwa ne."

Wannan gaskiya ne, kowa ya shaida.

Ta goge hannu, ta lalubo mujallar ta kai hanci. "Wannan ba ta ƙarni," ta ce. Ta buɗe ta a cinya tana shafa shafin da yatsa, layi-layi, a hankali. Na ga hoton Sherli kai a ƙasa. Na miƙa hannu na juya mata ita daidai. Ta ci gaba da shafawa, ba ta san an canza komai ba.