Nonon Gaaju

Yayana Nuwagaba ne ya kawo shawarar sauya shanunmu, amma kada in ɗora masa shi kaɗai, ni ma da bakina na ce to. Motar kamfanin madara ba ruwanta da kyan ƙaho, cikar garwa ta sani. Shanunmu na gargajiya, jinsin Ankole, kuwa ƙaho har sama, nono ɗan kaɗan. Ɗaya bayan ɗaya aka kaɗa su kasuwa, aka kawo na Turawa, masu ci kamar gara. Ta ƙarshe da aka sayar ita ce Gaaju, jar saniyar Baba.

Baba ya makance tun bara. Ba ya shan nonon kowace saniya sai nata, a ƙoƙonsa na icce da nake turarawa da hayaƙin ciyawa.

"Ƙara hayaƙi, Kembabazi," in ji Yaya. "Tsoho ne, ina zai gane?"

Na ƙara. Kullum da safe in durƙusa in miƙa masa nonon shanun Turawa, ya shanye, ya ce, "A gaida Gaaju." Allah ya sani, duk sanda ya faɗa sai in ji kunya ta rufe ni.

Shekaranjiya ya ce in kai shi garke.

"Baba, an yi ruwa, akwai santsi."

"Ke tafi can! Na taka santsin da ya fi wannan tun ba a san za a haife ki ba."

Ya tsaya bakin shinge ya kira Gaaju. Shiru. Yaya, sarkin dabara, ya turo masa wata baƙuwar saniya. Baba ya shafa goshinta, hannunsa ya hau sama yana neman ƙaho, bai tarar da komai ba. Ya sauke hannun.

"Tun kurɓar farko na sani," ya ce. "Hayaƙi ba ya sa nono maiƙo. Na yi shiru ne don kada ki ji nauyi."

Kash! Da ma zagina ya yi.

"Abu ɗaya ke damuna. Wanda ya sayi Gaaju, kun gaya masa ba ta sakin nono sai an kira sunanta ana sosa mata wuya? Kada ya ɗauka taurin kai ne ya doke ta."

Yaya ya sunkuyar da kai. Mahauci ne ya saye ta.

"Mun gaya masa, Baba," na ce.

"Madalla, 'yar albarka," ya ce, ya miƙo mini hannu in mai da shi gida.