An Rage Mishi Fiffike

Shekara goma sha tara gauraka na tsakar gidana, kuma duk tsawon shekarun nan ban taɓa jin na yi mishi laifi ba. Dawar da muke ci ita yake ci. Ruwanshi cikin kasko, kullum sabo. Ɗan Gayu nake ce mishi, saboda tukkun nan nashi mai ruwan zinariya, da takun nan nashi awa na mai zuwa zance.

Marigayi maigidana ya kawo shi. Bube Mai Tarko, haka duk yankin Fakku suka san shi. Yana ɗan tsako ya kamo shi a fadamar bayan gari, shekarar da gauraki suka ƙare ƙaf. Kuma kada wani ya ce muku ɓata suka yi, mu muka gama da su. A kwashe ƙwai, a kama 'ya'ya a kai gidajen masu hali, a cinna wa ciyawa wuta don gafiya, a sare itatuwan da suke kwana. Ranar da ya kawo shi ya ce in riƙe mishi. Na matse ɗan tsuntsun tsakanin gwiwoyina, ya ware fiffiken dama, ya sa aska a gaɓar ƙarshe, ƙwas! Ni na shafa toka a wurin.

A garinmu wannan aikin sunanshi ragewa. In ka datse gashin fiffike, ka rage. In ka datse ƙashin, shi ma ka rage. Kalma guda ce, mu kuwa ba mu taɓa ganin dalilin neman ta biyu ba.

Shekara biyar da suka wuce mutanen gandun daji suka zo daga Tambuwal, suka zauna da mai gari da manoma da Fulanin da ke shayarwa a fadama. Wai a bar gefen gabas ya huta, ba wuta, ba gatari, ba tarko. Da na ji, dariya na yi har da riƙe ciki. Na ce 'yan boko sun rasa aikin yi, tsuntsun da ya tafi shekara da shekaru wasiƙa za su aika mishi?

To, ni ce na sha kunya. Ciyawa ta dawo har tana shanye mutum, ruwa ya riƙa kwanciya har bayan kaka. A shekara ta ukku aka ga gauraki biyu. Bara goma sha ɗaya. Gari ya ɗauka, tsofaffi na zuwa bakin fadama su tsaya suna kallo, wasu har da hawaye.

Ɗan Gayu bai gan su ba, jin su ya yi. Wata safiya iska ta kawo kukansu, sai ya daskare da ƙwayar dawa a baki. Ya miƙe wuya ya amsa da wata murya da ban taɓa sanin yana da ita ba. Daga ranar ya bar ci sai kaɗan. Ya ruga da gudu ya daki danga, ya koma baya, ya sake rugowa, har gashin ƙirjinshi ya zube. Abin ya tsaya mini a rai, wallahi.

Ana haka sai ga Malam Siddiƙ, ma'aikacin gandun daji, yana bi gida-gida inda aka ce akwai gauraka. Mutum mai ladabi, amma a Kano ya tashi, Hausarshi irin ta rediyo. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce suna roƙon masu gauraki su bari a mai da su cikin 'yan'uwansu. Ya so ya matsa ya duba, Ɗan Gayu ya kai mishi sara, ya ja da baya yana dariya.

“Inna, me ya hana shi tashi?”

“An rage mishi fiffike.”

“Au, wannan mai sauƙi ne. A daina ragewa kawai. Wata uku gashin ya fito, sai mu dawo mu ɗauke shi.”

Na gane sarai abin da ya fahimta. Yaya zan dubi mutumin da ya baro Tambuwal cikin rana don tsuntsu, in ce mishi ni na danne, maigidana ya yanke? Na ce, “To, Malam, Allah shi kai mu.”

Yana fita autata Nasiha, wadda ke koyarwa a makarantar firamare, ta zuba mini ido.

“Inna, ni tun da na yi wayo ban taɓa ganin an rage mishi gashi ba.”

“Ke, rufe mini baki! Mi kika sani? Aikina nika yi, ki tashi ki ba ni wuri.”

Kunya ce ta fara rufe mini baki, amma abin da ya biyo baya wauta ce tsagwaronta. Na sa a raina ko Allah zai yi ikonshi. Ni da furfurata, na riƙa kamo mishi fara, ina jiƙa mishi gero, ina kama shi ina shafa man shanu a dungulmin. Man shanu fa, jama'a, a kan ƙashin da aka yar shekara goma sha tara! In ya buɗe fiffiken sai in ga awa ya ƙaru. Bai ƙaru ba ko da ƙwayar gero.

Ranar da suka dawo na ce ba mai taɓa shi sai ni. Na naɗe shi cikin zane, kai kawai a waje, na rungume shi a bayan motarsu har fadama. Su fuɗu ne za a saki: biyu daga Kebbe, ɗaya daga Dogon Daji, sai nawa. Jama'a sun taru, mai gari na nan, can tsakiyar ruwa kuma garken gaurakin na kiwo.

Aka buɗe kwandunan da aka kawo sauran ukkun a ciki. Suka ɗan yi taku, suka yi gudu, suka ɗaga. Mutane suka ɗau kabbara. Na kwance zanen da na naɗe shi.

Ɗan Gayu bai ko waiwaye ni ba. Ya zuba da gudu, wuya a miƙe, ya buɗe fiffike. Na hagu ya ɗebi iska, na dama bai ɗebi komai ba, sai ya juye ya faɗa cikin taɓo. Ya tashi ya sake. Ya sake faɗuwa. Sau nawa, ban sani ba, don na daina kallo. Wani ya yi dariya daga baya, wani ya kwaɓe shi.

Malam Siddiƙ ya shiga taɓon da takalmanshi, ya kamo shi, ya ware fiffiken. Ya daɗe yana duba. Da ya ɗago, ba faɗa ya yi mini ba, da ma faɗan ya yi.

“Inna, wannan ai yankewa aka yi.”

“Mu ragewa muka ce mishi.”

“Kin sani tun ranar da na zo?”

“Ni na riƙe shi aka yanke.”

Na roƙe shi ya bar shi nan, ko kwana guda ya yi cikin danginshi. Ya girgiza kai. Ya ce su a kan itace suke kwana, shi a ƙasa zai kwana, dila ba zai bar shi ya ga safiya ba. Ya miƙo mini shi, duk taɓo, zuciyarshi na bugawa a tafin hannuna. Na mai da shi cikin zanen na kawo shi gida.

Aiki dai ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Bana an ce sun kai ashirin da bakwai, har da 'ya'ya, kuma Allah shi saka wa waɗanda suka yi wahalar. Da suka yi yawa sai suka fara fita kiwo gonakin yamma, hanyarsu kuwa ta bisa gidana ce, safe da maraice, ƙasa-ƙasa, suna kuka. Ɗan Gayu ya bar dukan danga. Tsayawa yake tsakar gida ya karkata kai, ya bi su da ido guda har su ɓace.

Ni in na jiyo su tafe, ɗaki nake shigewa in toshe kunnuwana. Shi ba shi da hannun da zai toshe nashi.