Tayi na Huɗu

"Albarka," in ji Issifou dillali, tun Adjara ba ta gama sauko da ƙafarta daga taksi ba. "Na kai musu maganarki jiya, Madmazel, sun ce albarka. Mutumin nan ya sake ƙarawa."

Sau uku ke nan tana taya gidan marigayi Mamadou tela, sau uku Issifou yana dawo mata da kalmar nan, yana washe haƙoran da goro ya rine. Gidan ba wani abin a zo a gani ba ne: ɗaki biyu, zaure, rijiya, da mangwaro guda a tsakar gida, can bayan kasuwar Zongo. Da sefa miliyan ɗaya da rabi ta fara. Kowane mako sai wani babban mutum, wanda Issifou ya ce ba a faɗin sunansa, ya ɗora a kan tayinta.

"Yau magada za su zauna, ko ba haka ka ce ba?"

"Haka ne. Amma zaman maza ne."

"Malam Issifou, wuce mu tafi."

Ya wuce yana gunguni, ta bi shi da jaka a hammata. Duk abin da ta mallaka yana cikin jakar nan, miliyan biyu cif, an naɗe da tsohon ɗankwali. Shi ne tayinta na huɗu, kuma babu na biyar.

Mahaifinta ya yi shekara talatin yana karantar da 'ya'yan masu gidaje, ya rasu a ɗakin haya. Da aka tashi tsohuwar Zongo aka kawo mutane nan bayan gari, masu gida suka sami fili, 'yan haya suka sami kaya a ka. Ita da Inna suka koma wani ɗakin hayar, inda matar mai gida ke kulle rijiya da kwaɗo, mai gida kuma ya ƙara kuɗi duk ranar da ya ga an shanya farar rigar aikinta. Shekara tara Adjara ta yi tana karɓar haihuwa a asibitin gwamnati. Ta ci wake har ta daina jin ɗanɗanonsa. Ta kai takalmi ɗaya wurin baduku har ya roƙe ta ta ƙyale shi ya huta. Ranakun bukin jam'iyya ta ɗaura atamfar da aka rarraba, ta tsaya cikin rana tana tafi, don kada a sa alama a gaban sunanta. Matan unguwa suna ce mata saj-fam, wato ungozoma, a gabanta, a bayanta kuma wadda boko ya hana aure. Duk ta ji, ba ta taɓa tanka musu ba, kuma rabinsu a hannunta suka haihu.

A ƙofar gidan Issifou ya ɗaga mata hannu. "Tsaya nan, in gyara miki hanya."

Ya tuɓe takalmi ya shige zaure. Ta tsaya a rana kamar mai jiran sadaka. Daga inda take tana hango kan mangwaron ta saman katanga, ya yi huda fal. Ta riga ta san inda za ta ajiye wa Inna kujera a ƙarƙashinsa.

Ba a jima ba ta ji muryar Alassani, babban ɗan marigayin, wanda ya zo daga Kumasi yana sauri a raba gado ya koma. "Miliyan biyu. To, na sallama."

"Na saya," in ji wata murya. "A yi Fatiha."

Adjara ta san muryar nan tun tana goye. Ta jira aka shafa, sannan ta tuɓe takalminta ta yi sallama ta shiga.

Dattawa uku ne shaidu, a jere a kan tabarma. A tsakiya, cikin babbar rigarsa ta Sallah mai warin kafur, Kawu Jumare ne zaune, yayan Inna, mutumin da Zongo kaf ba wanda zai iya faɗin sana'arsa, amma ba a taɓa ɗaura aure ko raɗa suna ba shi a sahun gaba ba.

Ta durƙusa. "Kawu, ina kwana."

Ya ɗan yi turus, sai kuma fuskarsa ta washe. "Alhamdu lillahi. Jama'a, ga kuɗin ma sun iso da ƙafarsu. 'Yar ƙanwata ce. Adjara, miƙo jakar."

"Wace jaka, Kawu?"

"Ke dai ba ki san hidimar da aka yi miki ba." Ya gyara hannun riga, ya juya ga dattawan, don su yake wa jawabin. "Uwarta ce ta zo mini da kuka, wai yarinya ba aure tana neman shiga maganar gida da dillalai. Na ce kul, muna raye? Ta faɗa mini abin da yarinyar ta tara, na ce a bar ni da sauran. Sati uku ina fama. Wata 'yar kasuwa ce daga unguwar Adidogome ta sa mini ido, in na taya ta taya, in na ƙara ta ƙara. Mace mara kunya. Amma yau na karya ta."

Adjara ta juya ta dubi Issifou. Issifou ya sami wani zare a bakin tabarma yana ja, kamar a kansa aka aiko shi duniya.

"Malam Issifou, ya sunan matar nan ta Adidogome?"

"Madmazel, ciniki sirri ne."

"Babban mutumin fa? Wanda ba a faɗin sunansa?"

Ɗaya daga cikin dattawan ya yi tari ya rufe baki da hannun riga. Alassani ya dubi kawun, ya dubi 'yar, ya dubi rufin zaure. Nan take kowa ya gane: jaka ɗaya ce ta yi sati uku tana tsere da kanta, dillali a tsakiya yana kaɗa mata ganga, la'adarsa tana kumbura.

Kawu Jumare ne kaɗai bai ga abin kunya ba. "To ai duk gida ne," ya ce. "Abin da ya wuce ya wuce. Takarda za a yi da sunana, tunda ni ne uba, amana ce. Ke da uwarki ku shiga ɗaki ɗaya, ya ishe ku. Ɗayan da zauren nan zan riƙe saboda baƙina. Gobe in Allah ya kawo miki miji, ai gidansa za ki. Miƙo, mutane na jira."

Ya miƙo tafin hannu, mai laushi kamar na jariri. Adjara ta kalli hannun. Ta ga hannaye da yawa a aikinta, masu kanta, masu faso, masu damƙe ƙarfen gado. Wannan ko tulu bai taɓa ɗauka ba.

"Kawu, ku gafarce ni, ni ban taɓa sayen gida ba, ina so in koya. Wa ya yi tayin ƙarshe?"

"Ni mana."

"Wa aka sallama wa?"

"Ni. Wace irin tambaya ce wannan?"

"An shafa Fatiha, gaban shaidu?"

"Da kunnenki kika ji."

"To Allah ya sanya alheri, ya sa a shiga a sa'a." Ta miƙe ta gyara jakar a hammata. "Ni dai na taya an fi ni. Na haƙura."

Alassani ne ya fara magana, kuma karon farko ya dube ta sosai. "Baiwar Allah, tsaya. Kuɗin fa?"

"Ga mai gida nan a zaune, Malam. Babban mutum ne."

"Adjara," in ji Kawu, murya ta sauko, "za ki tozarta ni a gaban mutane? Me za ki ce wa uwarki?"

Nan ne ya same ta. Inna za ta yi kuka, watakila ta yi sati ba ta amsa gaisuwarta ba, kuma a ɗakin nan ɗaya za su yi satin, ƙafa na taɓa ƙafa.

"Zan ce mata na gaishe ku, na same ku lafiya."

Ta sa takalminta ta fita. Ba ta ɗaga kai ta dubi katangar ba, don ta san in ta duba ƙafarta za ta tsaya. A bayanta hayaniya ta tashi, muryar Alassani a sama, ta Kawu tana cewa a yi haƙuri a zauna.

Ta kusa bakin titi Issifou ya cim mata, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu.

"Hajiya, Hajiya, tsaya mana. Ai magana ba ta ƙare ba. Alassani ya riga ya sayi tikitin jibi, 'yan'uwansa na jiran rabonsu. Ki kawo miliyan biyun, a warware na kawunki, a rubuta da sunanki yau ɗin nan."

"Yaushe na je Makka?"

"Madmazel, to."

"Miliyan ɗaya da rabi. Shi ne abin da gidan ya kai kafin ka haifo mini 'yar kasuwa a Adidogome. Kuma gaban notar, jami'in da ke sa hatimi a takardun ciniki, za a rubuta, ba a zaure ba."

"Ba za su yarda ba. Wallahi za ki rasa gidan nan."

"Mai yiwuwa."

Ta tsai da taksi, ta matsa kusa da wata mata mai kwandon kifi, ta ɗora jakar a cinya. Issifou ya leƙo ta taga yana haki.

"In sun yarda fa, ina za mu same ki? Gida?"

"Gidan wa? Asibiti. Gobe ranar awon ciki ce, ina nan har azahar. Ku zo da wuri, kai da Alassani, ku zauna a benci tare da matan. In layi ya zo kanku zan kira ku."