Jan Izga Ɗaya

Kaset ɗin ya yi minti goma sha ɗaya yana juyawa kafin Malam Zainulabidin, shugaban kwamitin unguwa, ya ɗago kai.

"Yaushe za a fara?"

"Allah gafarta Malam, ai tun ɗazu aka fara," in ji Fa'izu.

Mailafiya ya ja tsaki a ciki. Gogensa na can jingine a kusurwar ofishin, an ɗaura masa takarda a wuya kamar akuyar da ta yi ɓarna. Gadon mahaifinsa ne, daga Taura ya zo da shi. Tun da aka ƙaddamar da shari'a ya rataye shi ya koma sayar da goro a Dutse, ba wanda ya ji kansa, sai da wannan Fa'izun, ɗan ƙanwarsa, mai haɗa sauti a gidan rediyo, ya zo da tsiyarsa.

Mutum da 'ya'ya huɗu, amma aikinsa yawo da rakoda. Ya ɗauko ƙarar igiyar guga a rijiyar Miga, da numfashin shanu a Garki, ya tara mata bakwai ya ce su riƙe murya ɗaya har sai numfashinsu ya ƙare. Sannan ya zo ya durƙusa: "Kawu, ja ɗaya kawai. Kar ka motsa yatsa." Sati uku Mailafiya yana goga ƙaro a izga yana jan layi ɗaya, kullum yana faɗa: "Wallahi tallahi wannan ba kiɗa ba ne." Maƙwabci ya ji ta katanga, ya kai ƙara. Yau in aka ce kiɗa ne, za a fasa gogen.

"Wannan ba injin niƙa ba ne?" wani ɗan kwamiti ya tambaya.

"Kawu ne," in ji Fa'izu.

"To shi Kawun lafiyarsa ƙalau?"

Aka yi dariya. Malam bai yi ba. Ya ce a bari ya kai ƙarshe, ba a yanke hukunci kan rabin magana.

Dole Mailafiya ya zauna ya ji. Bai taɓa jin abin a haɗe ba. Ƙugin ya yi ƙasa ƙasa, igiya tana kuka a bakin rijiya, muryoyin matan suka taso suka tsaya cak ba su sauka ba. Can ƙarƙashi ga gogensa. Sai ya gane jan. Haka mahaifinsa yake yi kafin ya fara wasa, ja ɗaya mai tsawo, ido rufe, yana jin ko tsirkiya ta yarda. Daga nan sai taken ya ɓalle, fili ya rikice. A nan kuwa taken bai zo ba. Aka yi ta jiransa, matan suna jira, shanun suna jira. Haushi ya ƙara kama Mailafiya.

Kaset ya yi ƙas ya tsaya.

"Malam Mailafiya," in ji shugaban, "mu ba mu san harkar ba, kai ne ɗan gado. Ni dai ban ji abin da zai ɗaga ƙafar mutum ba. Wannan kiɗa ne?"

Mailafiya ya dubi gogen. Ya dubi tabarma.

"Ba kiɗa ba ne."

Malam ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce a kwance takardar. "Ku rage sauti saboda maƙwabta."

Sai da suka yi nisa, gogen a cikin buhu, Fa'izu ya ce, "Kawu, yau ba ka rantse ba."

"Rufe min baki, ɗan banza."

Suka wuce masu gyaran keke, suka wuce famfo. Mailafiya ya sauya wa buhun kafaɗa.

"Wajen da matan suka shigo, ka yi gaggawa. In ka tashi gobe ka zo da ƙaro."