Giram Goma Sha Ɗaya

Kwananmu uku a kan hanyar gaɓar tsibirin Vancouver, ni da 'yata Shona da saurayinta Tobin, taɓo har ƙwauri. Ni dai ba don sha'awa na biyo su ba. Ban yarda in bar 'yata kwana shida a daji da mutumin da ke ɗora safarsa a kan sikelin kicin ba.

Tobin irin samarin nan ne da suka mai da rage nauyin jaka addini. Ya gutsure mariƙin buroshin haƙorinsa, ya cire tambarin wuyan rigunansa. Duk inda muka tsaya sai ya ɗaga jakata ya yi dariya.

"Lorne, gidan gaba ɗaya ka goyo ne?"

Da hantsi muka iso inda hanya ta rabu biyu. Ta daji awa biyar ce, taɓo da tsani bayan tsani na hawan tuddai. Ta bakin ruwa awa ɗaya, amma sai an zagaye wani dutse da ya kutsa cikin teku. Idan ruwa ya ciko kana gindinsa, babu wurin hawa. Dugadugan Shona duk sun yi bororo, tana ɗingishi.

"Baba, ta bakin ruwa za mu bi. Ƙafata ba za ta iya tsani ba."

Na ce Tobin ya miƙo taswira in duba lokutan cika da janyewar teku, waɗanda ake liƙa wa kowa a gefenta ranar shiga. Ya miƙo. An bi gefunan da almakashi, tas.

"Ina jadawalin?"

"Na ɗauki hotonsa a waya. Giram goma sha ɗaya na rage."

"To buɗe wayar."

Ta mutu tun jiya. Batirin caji kuwa nauyi ne, ya bar shi a mota.

"Ba sai da takarda ba," in ji shi. "Dubi yashi a jiƙe. Janyewa yake."

"A garin nan har gashin kanka a jiƙe yake, shi ma janyewa yake?"

Shona ta harare ni. Shekararta ashirin da huɗu, ba zan iya hana ta ba, ta kuma sani. Har ta fara ɗaure igiyar takalmi.

"Ba ni minti goma sha biyar," na ce mata. "Shi ke nan abin da nake roƙo."

Na samo sanda na kafa daidai inda kumfa ke tsayawa. Muka zauna a kan wani gungume. Tobin na ta bayanin cewa mai jaka mara nauyi ya fi ruwa sauri. Ni sandar kawai nake kallo.

Igiyar ruwa ta farko ta lashi gindinta. Can wata ta wuce ta da taku biyu. Kafin lokacin ya cika, sandar ta faɗi tana yawo.

"Da mun tafi tun ɗazu da mun wuce," in ji Tobin.

Shona ta dube shi. Sannan ta miƙe ta nufi bakin daji, inda tsanin farko ya miƙe sama cikin itatuwa. Da muka cim mata, ta cire jakarta ta dangwara wa Tobin a ƙirji.

"Tunda taka ba nauyi, riƙe. Baba, ka bi bayana, ko zan zame."