Sunan Jariri a Aljihun Malam Jatau

Malam Jatau ya daɗe da ajiye tuƙi, amma bai ajiye tashar Gusau ba. Kullum yana kan bencinsa kusa da motocin Tsafe, shi da Bala, abokinsa tun suna karen mota. Bara da aka haifa wa Bala jika, sunan yaron ya zaga wayoyin mutane tun kafin liman ya raɗa shi. Jatau bai bar maganar ta kwanta ba. Duk wanda ya zauna sai ya ji cewa a gidan Bala waya ce liman.

Sai ga haihuwa a gidan Lawali, babban ɗan Jatau. Namiji.

Lawali ne ya ƙirƙiri manhajar da direbobin Gusau da Tsafe da Bungudu ke samun lodin hatsi da ita. Dama yana shirin sabunta ta. Murna ta ɗebe shi, ya ƙara mata shafin gaisuwa, wanda duk ya buɗe zai ga barka da sunan jaririn. Ya tura wa masu tantance manhajoji a rumbun da ake sauke su zuwa waya, sannan ya zo tasha ya durƙusa ya gaya wa ubansa, Bala yana zaune yana ji.

Jatau ya tambaye shi yaushe abin zai fito. Lawali ya ce su masu tantancewar ba su da rana, wani lokaci su daɗe, wani lokaci su gama nan da nan.

Bala ya gyara zama. "Ashe gidanku ma waya ce liman."

Jatau bai dube shi ba. Lawali ya yi sauri ya ce ai ya yi dabara. Ya zaɓi tsarin da ko sun amince, sabon shafin ba zai fita ba sai shi ya danna da hannunsa. Ya nuna wurin a wayarsa. Har ya buɗe baki zai faɗi sunan.

"Riƙe abinka. Liman za ka gaya ma," in ji Jatau. "Kawo wayar."

"Baba, da ita nake aiki."

"Ka ari ta matarka."

Jatau ya naɗe wayar a hankici, ya tura ta aljihun 'yar ciki.

Washegari wayar ta yi ƙara a ƙirjinsa. Ya aika aka kira Lawali, ya kwance hankicin, ya riƙe ta nesa da yatsun ɗan nasa ya ce ya karanta. Lawali ya ce sun amince, saura dannawa. Jatau ya mayar da ita. Daga ranar ya daina jingina da benci, kada ƙirjinsa ya danna wani abu. Ko salla zai yi sai ya ajiye ta cikin hula a gefe. Lawali ya rantse masa a kulle take, sai da yatsansa take buɗewa. Jatau ya ce shi ma ya taɓa kulle mota a gangaren Kwatarkwashi, ya dawo ya tarar da ita a gona.

Bala kuwa ya samu sana'a. Da safe ya duba wayarsa, da azahar ya duba, ya sa direbobi su duba nasu. Ya yi ta jefa sunaye ko fuskar Jatau za ta motsa: Anas? Abdurrahman? Jatau ya ce ko shi bai sani ba. Bala ya ce wannan ƙarya ta fi ƙarfin furfura.

Ranar suna aka taru a gidan su Jatau na Karakkai. Direbobi suka jera motoci a bakin hanya. Aka raba goro da dabino, Lawali ya sunkuya ya yi wa liman magana a kunne. Aka yi addu'a, aka shafa. Sai aka sanar cewa yaro ya ci suna Shu'aibu.

Direbobi suka dubi juna, suna tambayar mai sunan. A tasha babu wanda ya taɓa jin an kira tsohon da wani suna ban da Jatau. Bala ne kaɗai, da ya san sunan Jatau na yanka ke nan, ya fashe da dariya yana nuna shi.

"Kai ne kake ta gadin kanka a aljihu."

Jatau ya yi gyaran murya, ya daɗe yana kwance hankicin da bai da wuyar kwancewa. Lawali ya buɗe wayar da yatsansa, ya nuna masa wurin. Tsohon ya danna da ƙarfi kamar mai danna hon.

Babu abin da ya fito a wayar kowa. Ya ɗago ya harari ɗansa. Lawali ya ce sai an ɗan jira, ba lokaci guda gaisuwar take isa kowace waya ba.

Ana cikin feɗe rago wani direban Tsafe ya ɗaga wayarsa ya ce ta iso, sai wani na Bungudu. Ta Bala ce ta zo ƙarshe. Ya miƙo ta yana cewa ga takwara ya iso.

Jatau ya duba rubutun da bai iya karantawa ba, ya mayar masa.

"Bayan liman ta zo," ya ce. "Ka shaida."